Rami Na Shida

Ku yi haƙuri da ni, ni ba marubuci ba ne, mai gyaran keken ɗinki ne, kuma abin da zan ba ku wallahi a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Shekara goma sha uku ke nan ko sha huɗu, lokacin ina da 'yar rumfata kusa da Ƙofar Doka a Zariya, damina ta yi tsakiya, ana sauran kamar mako biyu a kama azumi, teloli sun fara yi mini caa a kai, kowa yana son kekensa ya tashi kafin ɗinkin Sallah ya kankama. Ni kuwa a lokacin, gaskiya, ina ji da kaina. Gani nake babu ƙarfen da zai gagare ni a garin nan.

Wata rana da hantsi sai ga wata dattijuwa ta tsaya bakin rumfa, Hajiya Hajara, na taɓa gyara mata wani tsohon keken hannu. Ta ce ba keke ya kawo ta ba, maigidanta ne Malam Yahuza yake son ganina ranar Alhamis bayan la'asar, in zo da mai da tsumma mai tsabta. Na ce me ya lalace? Ta ce, “Kai dai ka zo, ɗana. Ni na gaji da ganin hawayen tsoho.”

Gidan yana can cikin birni, sai ka bi lungu ka sake bin lungu, ka wuce wani ƙaton rimi, sannan ka tarar da zaurensa na ƙasa mai sanyi. Malam Yahuza tsohon ma'aikacin gwamnati ne, akawu, ya daɗe da yin ritaya, kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a watan da ya wuce, hannun dama ya mutu, magana ma sai da jan baki. Bayan mun gaisa sai ya tura mini wani ƙunshi da hannun hagu. Na kwance, kai jama'a, sai ga bindiga! 'Yar ƙaramar nan ta hannu da ake ce wa libarba, amma irin ta dā can, wadda ake ɗura wa albarushi da hannu, mariƙinta na katako ya sha hannu har ya yi santsi. Na ja da baya na ce, “Baba, ni fa keke nake gyarawa.” Ya yi 'yar dariya da rabin baki ya ce, “Mai Keke, babu komai a cikinta. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta ga albarushi ba. Wanka kawai za ka yi mata.”

Shi ya koya mini, yana zaune a kan buzu yana nuni da haɓa. A tsakiyarta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa, shi turmi yake ce masa, mai ramuka shida, kowane rami harsashi ɗaya. Ka zare turmin, ka zare bututun, ka ajiye katakon gefe don ruwa ba ya ƙaunarsa. Hajiya ta kawo tafasasshen ruwa a buta ta ajiye bakin ƙofar cikin gida. Ya ce albarushi ba kamar dattin keke ba ne da mai ke cirewa, shi baƙinsa gishiri-gishiri ne, yana jawo laima, in ya kwana a ƙarfe da safe tsatsa za ka tarar, shi ya sa sai ruwan zafi, zafin da zai sa ƙarfen ya bushe da kansa. Ka naɗa tsumma a tsinke ka bi kowane rami, ka sake, ka sake, har tsumman ya fito fari, sannan ka shafe ta da man kaɗe kaɗan, ba da yawa ba. Ni da nake kwance keke in ɗaure ido a rufe, na ce a raina wannan ai wasan yara ne.

Rami na ɗaya fari tas, na biyu haka, har na biyar. Da na zura tsumma a na shida, wanda aka yi wa 'yar alama da ƙusa a gefensa, sai ya fito baƙi ƙirin, da danshi, kuma wani wari ya bugi hancina kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na dubi Malam na ce, “Baba, an harba wannan kwanan nan.” Sai kawai ya ce in ci gaba. Na wanke, na sake wankewa, sai da na ɓata tsumma bakwai kafin ya yi dama-dama, na shafa mai, na ɗaure, na tafi ina cewa tsoho dai ya manta ne.

Alhamis ta zagayo na koma, rami na shida baƙi ƙirin, warin nan kamar yanzu aka harba. Abin ya ba ni haushi, don ni a sana'ata ba a maido mini da aiki. Ranar na wanke shi har yatsuna suka yi ja, na toshe bakin ramin da auduga, na ɗaure ƙunshin da wani irin ƙulli nawa da na san babu mai kwance shi ya maido yadda yake, balle mai hannu ɗaya. Alhamis ta uku, ga azumi an kama, na tarar da ƙullina yadda na bar shi, audugata tana nan, amma da na cire ta rabinta ya koma baƙi. Na ajiye tsinken na ce, “Baba, ko ka gaya mini abin da ke cikin bindigar nan, ko ka nemi wani.”

Sai ya fara, a hankali, ina tsintar maganar ɗaya-ɗaya. Ya ce bindigar ba tasa ba ce, ta amininsa ce, Malam Bulus, malamin makaranta a Wusasa, shi kuma ya gada wajen kakansa da wani Bature ya bar wa. Tare suka yi makaranta, shi Musulmi Bulus Kirista, amma kwano ɗaya suke ci, in Sallah ta zo Bulus na cikin birni, in Kirsimeti ta zo shi yana Wusasa. Bulus yana da gona a gindin dutse, birai suna yi masa ɓarnar masara, to duk Alhamis in an tashi aiki sai su hau kekunansu su je, su harba sama sau biyu sau uku birai su watse, su zauna su gasa masara su yi ta gardamar duniya.

Ya ce Bulus mutum ne mai tsari har ya yi yawa. In zai ɗura, sai ya auna albarushi da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, ya zuba, ya ɗora dunƙulen dalma, ya danna shi da sandar da ke ƙarƙashin bututun, ya shafe bakin ramin da kitse don kada wuta ta tsallaka maƙwabcinsa, sai a ƙarshe ya sa 'yar hular jan ƙarfen da ke tada wutar. Malam yana faɗa yana kwatantawa da hannun hagu a iska, kamar jiya ya gani. Kuma Bulus bai taɓa cika shida ba. Biyar yake ɗurawa, ya bar na shida fayau, ya kwantar da kunamar a kansa, wato ƙarfen nan da ake ja baya ya sara, don ko bindigar ta faɗi babu abin da zai tashi. Shi ya yi wa ramin alama da ƙusa. Malam ya ce, “Ni kuwa kullum ina yi masa dariya, ina cewa Bature ya yi rami shida kai ka fi shi wayo?”

Ranar da abin zai faru, Bulus ya tafi ɗebo ruwa ya bar masa ɗurin. Malam ya cika shida, don kawai in sun gama harbi biyar ya ɗaga ya ƙara ɗaya ya ga yadda Bulus zai zabura, su yi dariya. Bai faɗa masa ba. Bulus ya dawo, ya karɓa, ya sa a jakarsa ta makaranta da ke rataye a keke, don su matsa can ƙarshen gona. Keken ya zame a kan dutse, jakar ta bugi ƙasa. Bindigar ta tashi. Malam ya nuna cikinsa, ƙasan haƙarƙari, inda ta sami Bulus.

Ya ce Bulus bai cika nan take ba, sai da aka kai shi asibiti, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce shi ya ɗura da hannunsa, mantuwa ce. Haka ya faɗa wa hukuma, haka ya faɗa wa matarsa Rahila, da goyon 'yarsu a bayanta. Da aka bar su su biyu sai ya kama hannun Malam ya ce, “Yahuza, ka wanke ta yau, kada ta kwana da baƙi.” Maganarsa ta ƙarshe gare shi ke nan. Amma bindigar tana hannun masu bincike, ta yi kwana tara ba a wanke ba, kuma da aka maido ta Rahila ta ce a fitar mata da ita daga gida, shi ya ɗauko. Tun daga ranar bai sake taka Wusasa ba, kunya ta hana shi, kuma tun daga ranar duk Alhamis yana wanke ramin nan, duk Alhamis yana tarar da shi baƙi.

Hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu, bai ma san suna zuba ba. Ya ce, “Mai Keke, Rahila tana nan da rai. Ta tsufa tana ganin mijinta sakaci ya kashe shi, mutumin da bai taɓa sakaci ba. Ina so in faɗa mata da bakina kafin bakin ya ƙarasa rufewa. 'Ya'yana ba su san zancen nan ba, ba na so su sani. Ka samo mota ka kai ni.” Na ce to, Baba, in sha Allahu, amma ka ga yadda teloli suka sa ni gaba, bari a yi Sallah, rana ɗaya mu je a natse. Ya ce, “Bayan Sallah?” Na ce ai kamar gobe ne. Ya gyaɗa kai. Wusasa fa, jama'a, wurin da ko a ƙafa mutum zai je ya dawo kafin magariba. Allah Ya yafe mini.

Alhamis ta huɗu na je na tarar babu shi a zaure, Hajiya ta ce jikin ya matsa, kwana biyu bai runtsa ba, amma ya ce in yi aikin ko ba ya nan. Ta ajiye butar ta koma. An yi ruwa da rana, ƙofar gida duk taɓo, ga azumi ya ciyo ni, raina a ɓace, ina zaune ni kaɗai ina ta fama da ramin nan, tsumma na huɗu baƙi, na biyar baƙi. Sai na ji ƙararrawar keke, ƙililin, sau ɗaya, aka ce, “Gafara dai, sannu da aiki.”

Na ɗaga kai, wani mutum ne a bakin zaure, bai kai ni shekaru ba, siriri, da farar taguwa mai gajeren hannu ya cusa ta cikin wando, ya maƙale ƙafar wandon da maƙalin nan na masu keke, yana riƙe da wani baƙin keke irin na dā mai jaka a rataye. Da sauran rana fa, la'asar sakaliya, ina jin muryar mata suna daka a maƙwabta. Na amsa a daƙile. Ya leƙo ya dubi abin da ke gabana, ko gezau bai yi ba da ganin bindiga, sai ya ce, “Malam, ruwanka ya huce.” Ku ji fa! Ni za a koya wa aiki. Na ce a raina Zazzagawa ke nan, kowa malami. Na ce, “To, in ka fi ni iyawa bismilla.”

Sai kuwa ya jingine keken ya shigo ya tsuguna. Ya taɓa butar da bayan hannu, ya zuba ruwan a ramin, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa ruwan da ya huce ɗin nan sai ga shi yana tururi. Ya karɓi tsinken, ya naɗa sabon tsumma, na lura yatsunsa duk farin alli, ya zura sau ɗaya, ya murɗa, ya zaro. Fari tas. Warin nan ma ya ɗauke. Ya juya turmin a tafin hannunsa, ya shafa 'yar alamar ƙusar nan da babban yatsa kamar mai shafa kan yaro, ya miƙo mini.

Ya ce, “Ka ce wa Yahuza ta wanku. Ta daɗe da wankuwa, shi ne bai sani ba. Ya huta haka nan.” Na ji wani iri da ya kira sunan tsoho gatsau babu ko Malam, na ce wa zan ce? Ya ce, “Ya sani.” Har ya kama keken sai ya waiwayo ya ce, “Yau fa za ka faɗa masa, kada ya kwana.” Ya tura keken ya sha kwanar lungu.

Za ku ce ai da na gane. Ni ma yau haka nake cewa. Amma a lokacin wallahi ko kusa, na ɗauka wani ɗan'uwansu ne ko maƙwabcin da ya san zancen gidan, abin da ya cika mini kai shi ne farin tsumman nan. Na buga ƙofa, Hajiya ta leƙo tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce yanzun nan barci ya ɗauke shi, ko akwai saƙo? Ga saƙo a bakina. Kalma nawa ce? Amma sai na ga ni nake so in nuna masa tsumman da hannuna, in ga fuskarsa, ya san Mai Keke ya ci galaba, don har na fara shirya yadda zan ba da labarin ba tare da na ce wani ya taya ni ba. Na ce, “Babu komai, Hajiya, sai Alhamis.” Na cusa tsumman a aljihu. Da zan fita na ga sawun takalmina a taɓo, na shigowa, ga na akuya, amma babu sawun taya ko ɗaya. Na tsaya na duba, na ce ƙila ta gefen bango ya bi, ana kiran magariba na yi gaba abina.

Ranar Asabar da safe ina kwance wani keke aka zo aka ce Malam Yahuza ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bi gawarsa da tsumman a aljihuna. Bayan addu'ar uku Hajiya ta kira ni zaure ta ba ni ƙunshin, ta ce ranar Juma'a ya farka ya yi ta tambaya, “Mai Keke ya zo? Me ya ce? Baƙin ya fita?” Ita kuwa ta ce masa na zo na tafi, na ce babu komai. Ta ce sai ya juya fuska bango, bai ƙara wata doguwar magana ba. Ba ta faɗa don ta zarge ni ba, ba ta ma san akwai abin zargi ba, amma ni ji na yi kamar a tsaga ƙasa in shige.

Washegari na rufe rumfa, teloli na ta masifa, na tafi Wusasa. Ban sha wuyar samun gidan ba, can bayan coci, kowa ya san Mama Rahila. Tsohuwa ce ƙarama da tabarau, tana zaune a baranda tana tsince wake. Na gaishe ta, na ce daga gidan Malam Yahuza nake, Allah Ya yi masa rasuwa. Ta ajiye faifan, ta ce in shigo ciki. Ina shiga falon, a saman bango, ga hoto mai baƙi da fari, mutum tsaye riƙe da keke, farar taguwa, maƙali a ƙafar wando. Na zauna a ƙasa ba a ce in zauna ba. Ta ce, “Baban Ladi ke nan, maigidana.”

Ban san yadda na yi ba, na dai faɗa mata duka, ɗurin shida, da wasan da Malam ya so yi, da wankin shekara arba'in, da roƙon da ya yi mini in kawo shi. Ina jira ta yi kuka ko ta yi fushi, sai ta cire tabarau ta goge ta ce, “Ɗana, ai na sani. Tun a asibiti na sani. Mutumin da ko ashana ba ya barin ta kusa da fitila, shi zai cika shida? Ya faɗi haka ne don ya rufa wa Yahuza asiri, ni kuma na bi bayansa.” Ta ce da fari ta yi fushi, shekara biyu ko sunansa ba ta son ji, daga baya ya wuce. Ta so ta aika masa, sai ta ga in ta aika kamar ta tona abin da mijinta ya rufe da numfashinsa na ƙarshe, gara ya zo da kansa. “Duk Kirsimeti sai na ɗebe masa abinci na rufe, na ce bana zai zo. Da ya zo, kafin ya buɗe baki zan ce masa na yafe.” Sannan ne ta fashe da kuka, ni ma na kasa riƙewa.

Na ciro tsumman na nuna mata, na ba ta labarin mai keken. Ba ta yi mamaki yadda na zata ba. Ta karɓa ta juya shi, a gefe guda ga shatin yatsu biyu na alli, ta kai hanci ta shinshina, ta riƙe shi a ƙirji ta ce, “Ya ce a ranar za ka kai saƙon, ko? Haka yake. Ba ya son abu ya kwana.” Tsumman yana wurinta na baro shi. Bindigar kuwa ta ce ba ta son gani, na kai wa mai unguwa ya miƙa wa hukuma, amma kafin in kai sai da na zura tsumma a rami na shida, Alhamis biyu a jere, fari tas.

Na tambayi malamai, sun ce mamaci ba ya dawowa, ni ma haka na yi imani, wani ya ce aljani ne ya ɗauki kamarsa, wani ya ce yunwar azumi ce ta sa ni gane-gane. Oho. Ni dai na san yunwa ba ta barin alli a tsumma. Ko ma mene ne, an ba ni saƙo na kalma biyu in kai wa mutumin da ya yi shekara arba'in yana jiransa, yana bayan bango ɗaya da ni, na sa a aljihu na tafi gida shan ruwa.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, in an ba ka saƙo ka kai, ko mai shi barci yake ka tsaya ya farka, in kuma akwai wanda kake son neman gafararsa, ko wanda ka yafe wa bai sani ba, kada ka ce sai bayan Sallah. Ni har yau in Alhamis ta yi, bayan la'asar, ina sunkuye kan aiki na ji ƙararrawar keke a waje, ba na iya ɗaga kai. Kuma duk shekara cikin azumi nakan je maƙabarta in tsaya a kan kabarinsa in yi masa addu'a, in na shafa sai in sunkuya in ce, “Baba, ta wanku.” Na faɗa ya fi sau goma yanzu, ban sani ba ko ya ji.